Kula da Rufin Faiba na Motar Gida

Duk watan Janairu, idan sanyi ya kankama a Kanada da arewacin Amurka, dubban motocin gida kan gangara kudu su yada zango a hamadar da ke kewaye da ɗan garin Quartzsite na jihar Arizona. Motoci ne masu gado da kicin da banɗaki a ciki, wasu tsawonsu ya kai mita 12, kuma da yawa daga masu su dattawa ne da suka yi ritaya. Wanda ya ratsa tsakaninsu a ƙasa zai ga jikin mota na ɗaukar ido, tayoyi baƙi wuluk, gilasai fes. Wanda ya hau tsani ya leƙa sama kuwa, wani labarin zai tarar: ƙura ta kwanta, kashin tsuntsu ya bushe, gam ɗin da ke bakin tagogin sama ya tsattsage. Ba mai ganin rufi, don haka ba mai kunyar barinsa da datti. Alhali daga can ne ɓarnar da ta fi cinye irin waɗannan motoci take farawa. Sau da yawa inji na nan lafiya lau, amma ruwa ya daɗe yana shiga ta sama yana ruɓar da katakon ciki, mai mota bai sani ba sai ranar da silin ya fara lotsawa.

Wannan jagora ta rufin faiba ce, wato wanda aka yi da zaren gilashi da aka jiƙa da danƙon roba ya daskare. Kafin a ɗebo ko bokiti ɗaya na ruwa sai an tabbatar cewa shi ne a kan motar, domin rufin motar gida iri-iri ne. Akwai na shimfiɗar roba, ko dai EPDM ko TPO, wanda masana'antun yankin Elkhart a jihar Indiyana, inda ake ƙera mafi yawan motocin gida na Amurka, suka fi amfani da shi saboda araha. Akwai na alminiyam. Sai na faiba, wanda kamfanin Winnebago da aka kafa a garin Forest City na jihar Ayowa ya yi suna wajen sa wa motocinsa, falle guda daga gaba zuwa baya. A Turai ma masu ƙera motoci da dama sun koma kansa, saboda ƙanƙara idan ta zubo takan lotsa alminiyam, faiba kuwa ya fi jure mata. Gane shi ba wuya. A ƙwanƙwasa da farce: faiba na da tauri, yana ba da ƙara kamar jikin jirgin ruwan faiba, roba kuwa laushi gare ta, farce na ɗan nutsewa. Bambancin na da muhimmanci ƙwarai, domin man gogewa da duk wani abu mai sinadarin fetur da faiba ke iya ɗauka, roba kumbura ta yake yi ya ɗaga ta daga jikin katako.

Abin da ake karewa

Rufin faiba ba wani kauri gare shi ba. A yawancin motoci falle ne siriri da aka manna a kan filawud marar kauri, ƙarƙashinsa soson da ke tare zafi da sanyi, sai ƙarafan alminiyam ko katako da ke riƙe da komai. A saman fallen akwai wata fata mai santsi da launi da ake kira jelkot, kaurinta wajen rabin milimita ne, a wasu fallayen ma bai kai ba. Wannan 'yar fata ita ce ke tsakanin rana da zaren gilashin. Hasken rana na karya danƙon da ke cikinta a hankali, sai farin launin ya saki ya zama gari, wato alli. Shi ne farin da ke biyo tafin hannu idan an shafa tsohon rufi, shi ne kuma ke gangarowa da ruwan sama ya yi wa gefen mota da gilasai zane-zane fari. Baƙaƙen layukan da ake gani a gefe ma daga sama suke: ƙura ce da hayaƙi da dattin tsohon gam da ruwa ya kwaso.

Abu biyu ne za a riƙe a nan. Na farko, jelkot ba ya tofowa; duk abin da aka kankare ya tafi ke nan. Na biyu, fallen faiba da kansa ba kasafai yake yoyo ba. Inda aka huda shi ne matsalar: bakin na'urar sanyaya ɗaki, tagar sama, bututun iskar banɗaki, hular firiji, gindin eriya, ƙafafun farantin sola, sukurorin tsani, da dogon layin da rufi ya haɗu da gefen mota. Magidancin da ya girma a gidan soro ya san cewa gabanin damina ba tsakiyar rufi ake fara dubawa ba, bakin indararo ne da inda rawani ya haɗu da rufi. Haka yake a nan. A ganina babban amfanin wankin rufi shi ne yana tilasta wa mutum ya durƙusa ya kalli kowace mahaɗa da idonsa. Ƙyalli riba ce kawai.

Hawa

Babbar motar gida takan kai mita 3.5 zuwa 4 daga ƙasa, kuma faiba da ya jiƙe da ruwan sabulu santsi gare shi na ban tsoro. A duba littafin mota a ga ko an yarda a taka rufin. Idan masana'anta ba ta sa tsani a baya ba, sau da yawa alama ce cewa ba a yi rufin don tafiya a kai ba. Sai a yi aikin daga kan tsani mai ƙafa biyu da buroshi mai dogon hannu, ko a shimfiɗa falankin filawud a kan tsohon bargo don nauyin mutum ya bazu. A sa takalmi mai ƙasan roba mai laushi, a duba kada tsakuwa ta maƙale a ciki. A yi aiki a durƙushe ko a tsugune, musamman kusa da gefe. A ɗaga kai a duba wayoyin lantarki kafin a ɗaga doguwar sanda. Kada a dafa tagar sama ko hular na'urar sanyi, robar da rana ta gasa shekaru fashewa take yi nan take. Kuma kada a hau ba kowa a ƙasa. Na ƙasan ma yana da aikinsa, za a ji shi nan gaba.

Wanki

Da sassafe ake yi, ko a inuwa, lokacin da rufi bai ɗauki zafi ba. Sabulu idan ya bushe a kan faiba mai zafi, tabo yake bari da ya fi dattin da aka zo cirewa taurin kai. A rufe tagogi da ƙofofin iska, a naɗe rumfar gefe. Idan da hali a tsayar da mota inda gefe ɗaya ya ɗan fi tudu, don ruwa ya riƙa bin hanya guda.

Kayan aikin ba yawa: bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraye buroshi, tiyo, buroshi mai laushin gashi, soso, da sabulun wanke mota ko na jirgin ruwa. Sabulun wanke kwanoni na cire maiƙo sosai, yana kuma tafiya da kakin kariyar da aka shafa a baya, don haka sau ɗaya kawai yake da amfani, ranar da ake son a sabunta kakin. Garin omo da soson ƙarfe da hodar goge tukunya kuwa, a bar su a kicin.

A fara share ganye da ƙirare, musamman waɗanda ke taruwa a ƙarƙashin farantin sola da bayan na'urar sanyi. Sai a kora ƙura da ruwa zalla tun buroshi bai taɓa rufin ba. Wannan matakin mutane ke tsallakewa, alhali ƙurar hamada yashi ce mai kaifi. A goga ta a bushe, an yi wa jelkot samfefa ke nan. Daga nan na ƙasa ya jiƙa gefen mota gaba ɗaya, ya ci gaba da jiƙa shi har a gama. Farin garin da ke saukowa daga rufi idan ya sami bango busasshe mannewa yake, sai an sake wani wankin.

Daga gaban mota ake farawa a yo baya wajen tsani, don kada a taka inda aka wanke, kada kuma mutum ya tare kansa a can ƙarshe da santsi tsakaninsa da hanyar sauka. A ɗauki wuri kaɗan-kaɗan, kamar mita ɗaya a kan mita ɗaya: a zuba ruwan sabulu, a ba shi minti biyu ko uku ya jiƙa datti, a goga ba da ƙarfi ba, a ɗauraye, a matsa. A kusa da gam a ajiye buroshi a ɗauki soso.

Injin feshin ruwa mai ƙarfi na da saurin aiki, amma ban yarda da shi a kan rufi ba. Yana iya ɗaga bakin gam ya cusa ruwa ta ƙarƙashinsa, wato ya haddasa ainihin abin da ake gudu. Wanda ya ga dole sai ya yi amfani da shi, ya sa baki mai baza ruwa, ya tsaya nesa, kada ya nufi kowace mahaɗa.

Tabon da sabulu ya kasa, kowanne da maganinsa. Fumfuna da gansakuka, waɗanda suka fi damun motocin da ke kwana a wurare masu laima kamar Fulorida ko Ingila, ruwan bilic ke kashe su: kashi ɗaya a cikin kashi goma na ruwa, a bar shi 'yan mintuna, a ɗauraye sosai, domin yana cin alminiyam yana kuma koɗar da zanen gefen mota da ƙyallen rumfa. Tabon tsatsa da ruwan ƙasa-ƙasan da ruɓaɓɓen ganye ke bari, sinadarin oksalik ke ɗauke su. Shi ne a cikin da yawa daga magungunan wanke jikin jirgin ruwa. A sa safar hannu da tabarau. Kada a kuskura a haɗa bilic da oksalik, ko da wani abu mai amoniya, ko a bi ɗaya da ɗaya ba a ɗauraye ba, domin iskar da ke tashi guba ce. Danƙon itace kuwa, a ɗiga ɗan barasar goge rauni a tsumma a ɗora a kai ya yi laushi, kada a kankare da wuƙa. Tina da asitan na narkar da robar tagar sama da gam, ba su da wuri a aikin wanki.

Duba mahaɗa

Idan rufi ya bushe, nan ne ainihin aikin. A bi kowace mahaɗa da ido da yatsa. Gam mai lafiya yana manne da rufi ta kowane gefe, yana kuma ɗan lotsawa idan an danna. Abin nema shi ne tsagar da ta ratsa har ƙasa, bakin da ya ɗago har farce ke shiga, ƙananan ramuka, da kan sukuru da ya fito fili ko ya yi tsatsa. Sukuru mai tsatsa a ƙarƙashin gam shaida ce cewa ruwa ya riga ya sami hanya.

A motocin da fallen rufi ke lanƙwasowa ya shige cikin dogon ƙarfen alminiyam na gefe, kamar yadda Winnebago ke yi, wannan layin ya fi ko'ina muhimmanci. A danna fallen da babban yatsa a hankali, taki-taki, daga gaba har baya, ta kowane gefe. Idan gam ya rabu da faiba ya buɗe baki, ya mutu, ko da a ido yana da kyau. Haɗarin a nan bai tsaya ga ruwa ba: a kan babbar hanya, iska na iya shiga ta wurin ta fizge fallen daga cikin ƙarfen ta yage shi.

Sai a ƙwanƙwasa rufin da kwabo nan da can. Inda falle ke manne da katako ƙarar na fita tsaf. Inda ya rabu sai a ji ta dushe, kamar da rami a ƙasa. Wurin da ke lotsawa ƙarƙashin gwiwa, ko ya kumbura, ya wuce aikin mai mota. Filawud ne ya sha ruwa, sai an kai wa masu gyara sun buɗe. A Birtaniya al'ada ce a kai motar gida binciken shekara-shekara inda ake auna laimar bango da silin da 'yar na'ura, kuma kamfanoni da yawa ba sa karɓar ƙorafin yoyo daga wanda ya tsallake binciken. Na'urar ba ta da tsada, mai mota na iya mallakar tasa. Ƙananan tsage-tsage masu kama da saƙar gizo a fatar jelkot galibi a sama suke tsayawa; a lura da su, a ɗauki hotonsu, a gwada da na wata shida masu zuwa. Tsagar da farce ke kamawa, ko wadda ta taso daga ramin sukuru, ita ce ke buƙatar gyara yanzu.

Wajen sabunta gam, kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko duk wanda ke kusa. Gam iri biyu ne ta fuskar aiki: mai malala da kansa ya baje, na wuraren da ke kwance, da mai tsayawa inda aka sa shi, na gefe da gangara. A sa mai malala a gefen mota, zai zubo har ƙasa. Sannan akwai batun silikon. Kusan babu gam ɗin da ke kama jikin tsohon silikon, har sabon silikon ma ba ya kama shi da kyau. Don haka kafin a sayi komai, a gano irin da masana'anta ta yi amfani da shi a kowane wuri. Wasu kamfanoni na fitar da takarda mai nuna wane gam ne a wace mahaɗa. Idan tsohon irin na kamfanin Dicor ne mai malala kuma yana manne, ana iya wanke shi a ƙara sabo a kai. Idan silikon ne, sai an cire shi tas da sikirafar roba, a goge wurin da barasa har yatsa ya daina jin santsi, sannan a zuba sabo. Wanda ya lafta sabon gam a kan datti ko a kan wanda ya ɗago, gyaran gangar Auzinawa ya yi: ya ɓoye tsagar daga idonsa, ruwa kuwa ya san hanyarsa.

Akwai kuma salatif mai danƙo na musamman, wanda EternaBond ya fi shahara a cikinsu. Yana daɗewa fiye da gam a kan dogayen mahaɗu kamar inda hular gaban mota ta haɗu da rufi, muddin an tsabtace wurin an kuma danne shi da abin murzawa, domin matsi ne ke sa danƙonsa ya kama. Sai dai cire shi azaba ce, don haka kada a liƙa shi a kan abin da za a buƙaci kwancewa wata rana. Na'urar sanyi kuwa ba da gam ake tare ta ba. A kan zoben soso take zaune, dogayen notuna daga cikin ɗaki ke matse ta. Idan tana yoyo, notunan za a ɗan ƙara ɗaurewa ko a canza zoben. Zagaye ta da gam na iya toshe hanyar da ruwanta ke fita.

A ba sabon gam kwana biyu ba ruwa ba gogewa. Kuma koyaushe liƙi ke gaba da kaki, domin gam ba ya kama wurin da aka shafa wa kaki.

Cire alli

A shafa baƙin tsumma a busasshen rufi. Idan ya fito da ɗan fari kaɗan, kakin da ke haɗe da man gogewa mai laushi ya isa, da hannu ma ana iya yi. Idan tsumman ya yi fari fat kuma rufin ya dushe ba ya mayar da haske, sai an bi da man gogewa mai ɗan kaushi irin na jirgin ruwa, kamar na 3M ko Meguiar's, da injin gogewa. A fara gwadawa a wani ɗan lungu da mafi laushin mai; sai ya kasa ake ƙara kaushi. A rage gudun inji, a riƙa tafiya da shi ba tsayawa, domin zafin da yake tarawa a wuri guda na ƙona jelkot. A nisanci gam da robobi, a rufe bakinsu da salatif na masu fenti. A gefen da rufi ya lanƙwasa fatar ta fi siranta, can da hannu za a bi.

Rufin mota mai tsawon mita 10 ya kai murabba'in mita 25, kuma a durƙushe ake yinsa. Aikin yini biyu ne ga mutum ɗaya, ba abin gaggawa ba. Nan ne kuma ya kamata a ja wa masu son ƙyalli kunne. Ba a buƙatar rufi ya zama madubi. Abin da ake so shi ne a cire mataccen garin don kariya ta sami inda za ta kama. Kowace gogewa da inji na rage kaurin fatar da tun asali ba ta wuce rabin milimita ba, kuma wanda ya mayar da ita al'adar shekara-shekara, garin neman gira zai rasa ido. Da zarar an fara hango wani launi daga ƙasa, ko zanen zare, a kashe inji.

Wasu rufin ba santsi gare su ba, gurza-gurza ne kamar ɓawon lemo. Inji ba ya musu amfani sosai. Buroshi mai matsakaicin tauri da sabulu, sai soson goge marar ƙarfe, su ne daidai.

Kariya

A kan wannan masu motocin gida sun rabu. Wasu na cewa kada a sa wa rufi kaki sam, domin yana mayar da shi tarko ga mai hawa. Gaskiya ne yana ƙara santsi. Amma jelkot da aka goge aka bari tsirara a rana, cikin 'yan watanni yake komawa gidan jiya, don an buɗe ƙananan ƙofofinsa. Ina tare da masu shafawa, bisa sharaɗin a san cewa daga ranar hawan rufin jiƙaƙƙe ya haramta sai a durƙushe.

Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiyar dangin giginya a Barazil, yana ba da sheƙi mai kyau, amma a rufin da ke kallon rana kai tsaye ba ya wuce 'yan watanni. Man kariya na haɗin sinadarai, wanda aka yi don jirgin ruwa, ya fi shi daɗewa, kuma shi zan zaɓa. A shafa siriri da soso, a bari ya yi hazo, a goge da tsumma mai laushi. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri. A rufi mai gurza-gurza kaki mai kauri na maƙalewa a ramuka ya bushe fari, sai a nemi na ruwa ko na feshi. Na feshi irin wanda ake kira 303 na da sauƙin sawa, yana kuma amfanar robobin tagogi da huluna, sai dai ruwan sama na wanke shi, dole a riƙa maimaitawa akai-akai.

Akwai dabarar da ta yaɗu tsakanin masu tsofaffin motoci, ta shafa man ƙyallin daɓen ɗaki hawa huɗu ko biyar. Ranar farko abin sha'awa ne. Amma ba don rana aka yi shi ba. Yakan yi rawaya ya fara ɓarewa, kuma kafin a sa wani abu daban sai an wanke shi gaba ɗaya da magani mai ƙarfi. Idan ba a cire alli da kyau ba kafin a shafa, tare suke ɗagowa.

Gwajin kariya ba wuya: a watsa ruwa. Idan ya dunƙule ya gangara, tana nan. Idan ya baje ya kwanta, lokaci ya yi. Ga motar da ke kwana a fili, sau biyu a shekara shi ne daidai, kafin zafi da kafin sanyi, kuma a haɗa shi da duba gam, wanda masana'antu da dama ke so a yi duk wata shida. Wanki kuwa sau uku ko huɗu a shekara, da duk lokacin da aka kwana ƙarƙashin itace mai zubar da danƙo ko 'ya'ya.

Idan jelkot ya ƙare har zaren gilashi ya fito, alamarsa ita ce ƙyalƙyali a rana da ƙaiƙayi a hannu da gwiwa bayan an sauko, kaki ba shi da sauran amfani. Sai fenti. Ana amfani da fentin jirgin ruwa na foliyuretan, ko farin shafi mai talewa da aka yi musamman don rufin faiba. Nasararsa duk a shiri take: a wanke tsohon kaki da maganin cire maiƙo, a bi da samfefa mai laushi don fenti ya sami kamu, a sa takunkumin hanci saboda ƙurar gilashi, a share, a sa shafin farko idan kamfanin fentin ya ce a sa. A zaɓi fari, ya fi mayar da zafi. Shafi mai silikon na daɗewa, amma wanda ya sa shi ya ɗaure kansa, domin nan gaba ba abin da zai hau kansa sai irinsa.

Ajiya da gwajin ruwa

Inuwa ta fi kowane mai da ake sayarwa. Motar da ke kwana ƙarƙashin rumfa na iya shekaru ba ta yi alli ba. Idan babu rumfa, a nemi mayafin da aka ɗinka don motar gida, mai barin iska ta ratsa. Tamfol na roba na tara gumi a ƙarƙashinsa ya haifar da fumfuna, kuma idan iska na kaɗa shi yana cin gefunan rufi. A ƙasashen dusar ƙanƙara, a ture ta da tsintsiya mai laushi kafin ta yi nauyi, ba da shebur na ƙarfe ba. A kuma tabbatar an liƙe tsagogi kafin sanyi ya shigo, domin ruwan da ya shiga tsaga ya daskare faɗaɗa ta yake yi.

Bayan kowane liƙi, idan gam ya kama, a gwada shi. Mutum ɗaya a ciki da tocila, ya buɗe kabad ɗin sama yana kallon kusurwoyi da kewayen tagogin silin. Ɗayan a waje da tiyo marar ƙarfi, yana sakin ruwa a kan mahaɗa ɗaya na 'yan mintuna kafin ya matsa, daga mafi ƙasa zuwa mafi tudu. Idan aka jiƙa ko'ina lokaci guda, ko ɗigo ya bayyana ba za a san ta inda ya shigo ba, domin ruwa na iya bin ƙarfen cikin rufi ya fito mita biyu daga inda ya shiga. A rubuta ranar aikin da irin gam ɗin da aka sa a kowane wuri a cikin littafin mota, a haɗa da hotuna. Kamfanonin inshora galibi ba sa biyan ɓarnar yoyon da ya daɗe yana ci a hankali, kuma masana'anta kan nemi shaidar cewa an kula da gam kafin ta ɗauki alhakin rufi.